Mary Kawena Pukui: Matar da ta taskace harshen Hawaii a ƙamus kafin ya salwanta

Duk wanda ya ɗaura niyyar koyon harshen mutanen Hawaii a yau, ko a tsibiransu yake ko a wata uwa duniya, da wuya ya yi nisa bai ci karo da sunan wata mace ba, wato Mary Kawena Pukui. Sunanta ne a gaba a bangon babban ƙamus na harshen. Shi ne kuma a kan littafin karin maganarsu, da na sunayen garuruwa da duwatsu, da na tsarin zumunci da zaman iyali.

An haife ta a 1895, ta rasu a 1986 tana da shekara 91. Tsawon rayuwarta ya yi daidai da zamanin da harshen Hawaii ya fi shiga tsaka mai wuya. Tana da shekara ɗaya aka kafa dokar da ta fitar da shi daga azuzuwan makaranta, kuma a shekarar da ta rasu aka janye wannan shinge. A tsakanin waɗannan shekaru 90 yara sun daina jin harshen a gida, jaridunsa sun mutu ɗaya bayan ɗaya, tsofaffin da suka haddace waƙoƙi da salsalar zuri'a suna ta ƙarewa.

Abin da Kawena ta yi a wannan tsakani shi ne ta bi kalmomin tana rubutawa, har ta mayar da ilimin da ake gada baki da baki ya zama littattafan da kowa zai iya buɗewa ya duba.

Haihuwa a lokacin juyin zamani

Hawaii jerin tsibirai ne a tsakiyar Tekun Fasifik, kuma mutanenta na asali 'yan uwan Mawori na New Zealand ne da mutanen Tahiti da Samoa, waɗanda ake kira Polinesiyawa. Matuƙin jirgin ruwan Birtaniya, Kyaftin James Cook, ya isa can a 1778. 'Yan mishan daga Amurka suka biyo baya a 1820, suka fara buga harshen a maɗaba'a a 1822, sannan a 1826 suka tsayar da haruffa 12 na rubuta shi, wasula biyar da baƙaƙe bakwai.

Mutanen Hawaii sun rungumi karatu da rubutu da hannu biyu. Jaridar farko a harshensu, Ka Lama Hawaii, ta fito a 1834, kuma daga nan zuwa tsakiyar ƙarni na 20 an buga jaridu sama da 100 a harshen. Sarakuna suna mulki da shi, alƙalai suna shari'a da shi, malamai suna koyarwa da shi.

Sai dai cututtukan da baƙi suka shigo da su sun yi wa jama'ar mummunar illa, ta yadda a ƙarshen ƙarni na 19 'yan asalin ƙasar da masu ruwa biyu ba su wuce kimanin 40,000 ba. Ƙasar noma kuma ta koma hannun masu gandun rake, waɗanda akasarinsu Turawa ne. A watan Janairun 1893 wasu 'yan kasuwa, da goyon bayan jakadan Amurka da sojojin ruwanta, suka hamɓarar da Sarauniya Liliʻuokalani. Amurka ta haɗe tsibiran da ƙasarta a 1898.

A tsakanin waɗannan al'amura biyu aka haifi Kawena, ranar 20 ga watan Afrilun 1895, a gundumar Kaʻū da ke kudancin tsibiri mafi girma, wanda shi ma Hawaii ake ce masa. Yanki ne mai iska da duwatsu a gindin Mauna Loa, dutse mai aman wuta, nesa da Honolulu da hayaniyarta. Nisan nan ya sa tsofaffin al'adu suka daɗe a can fiye da wurare da dama.

Mahaifinta, Henry Nathaniel Wiggin, Ba'amurke ne ɗan garin Salem na jihar Massachusetts. Mahaifiyarta, Paʻahana Kanakaʻole, 'yar asalin Kaʻū ce, daga zuri'ar da ke danganta kanta da Pele, abar bautar da mutanen Hawaii na da suka ɗauka ita ce mai wutar duwatsu. Kawena gutsure ne na wani dogon suna da aka raɗa mata, wanda ke nuni ga jan hasken da ke bayyana a sararin sama, kuma ya ƙunshi sunan Pele da na ƙanwarta Hiʻiaka.

Riƙon kaka

Mutanen Hawaii suna da al'adar riƙo, wadda suke kira hānai, inda ake bai wa kakanni ko wasu dangi jariri su raina a matsayin nasu. Kakarta ta wajen uwa, Naliʻipōʻaimoku, ta nemi a ba ta jaririyar, mahaifin kuma ya amince duk da cewa al'adar baƙuwa ce a gare shi. Wannan amincewa ce ta tsara duk abin da ya biyo baya.

Kakar ba tsohuwa ce kawai mai raino ba. Ta yi rawar hula a fadar Sarauniya Emma, ta san magungunan gargajiya da aikin ungozoma, kuma ta haddace waƙoƙi da labaran kaka da kakanni. A ɗakinta yarinyar ta buɗe baki da harshen Hawaii zalla, irin na mutanen da aka haifa kafin Ingilishi ya yi rinjaye. Ta ji sunayen iskoki da na ruwan sama, ta ji yadda ake yi wa wuri kirari, ta ga abin da ake yi idan an haihu da abin da ake yi idan an mutu.

Kawena tana da shekara shida kakar ta rasu, sai ta koma gaban iyayenta. A gidan nan mahaifiya tana yi mata magana da harshen Hawaii, mahaifi kuma da Ingilishi, don haka ta tashi da harsuna biyu kuma kowanne ya zauna mata daram. Mahaifiyar da sauran dattawan dangi suka ci gaba da karatun da kakar ta fara.

Irin wannan haɗuwa tana da wuyar samu a zamaninta. Akwai tsofaffi da yawa da suka san al'ada amma ba su iya bayyana ta da Ingilishi. Akwai kuma matasa masu Ingilishi da ba su zauna a gaban tsofaffi ba. Ita ta haɗa biyun.

Dokar 1896 da takardun da ta fara tarawa

A 1896 gwamnatin da ta maye gurbin sarauniya ta kafa dokar da ta wajabta koyarwa da Ingilishi a makarantu. Dokar ba ta haramta yin magana da harshen Hawaii a gida ko a kasuwa ba, amma sakamakonta ya kai har cikin ɗaki. Malamai suna hukunta yaran da aka ji suna yin harshen, iyaye kuma suka ga cewa aiki da ci gaba suna wajen Ingilishi, sai da yawansu suka daina yi wa 'ya'yansu magana da harshen iyayensu.

Bayan iyalin sun koma Honolulu, Kawena ta ɗanɗana wannan da kanta. A makarantar 'yan mata ta Kawaiahaʻo an hukunta ta saboda ta yi wa wata ɗaliba bayani da harshen Hawaii. Karatunta na boko ya katse, kuma ba ta kammala sakandare ba sai a 1923, tana da shekara 28, shekara goma bayan aurenta da Napoleon Kaloliʻi Pukui, wanda sunansa take amsawa.

Tun wajen 1910, tana 'yar shekara 15, ta fara wata ɗabi'a da ba ta rabu da ita ba har tsufa. Idan ta ji kalmar da ba a cika faɗa ba, ko karin magana, ko wata tatsuniya, sai ta rubuta a 'yar takarda ta adana. Babu jami'ar da ta sa ta, babu mai biyan ta. Yarinya ce da ta lura cewa abin da kakarta ta sani yana tafiya tare da masu shi.

Ta kuma nemi ilimin rawar hula da waƙoƙinta a wajen manyan masana na lokacin, ciki har da Keahi Luahine da Joseph Ilalaʻole. A wajen mutanen Hawaii hula ta wuce nishaɗi, domin waƙoƙin da ake rerawa a cikinta su ne ma'ajiyar tarihi da salsalar sarakuna da kirarin wurare. Wanda ya san su ya san tsohon harshe mai zurfi da ba a ji a hirar yau da kullum.

Daga mai ba da labari zuwa marubuciya

Wata maƙwabciyarta, Laura Green, 'yar gidan 'yan mishan da ta iya harshen Hawaii, ita ce ta ƙarfafa mata gwiwa ta riƙa rubuta labaran da fassara su. Ta hannunta labaran suka isa ga Martha Beckwith, masaniyar adabin baka a Kwalejin Vassar da ke jihar New York, wadda ta shirya su aka buga a 1923 da kuma 1928.

A waɗancan littattafai na farko sunayen wasu ne a gaba. Haka tsarin binciken al'adu yake a wancan zamani: ɗan ƙasa yana ba da bayani, baƙon masani yana sa hannu. Kawena ta yi shekaru tana wannan matsayi, tana amsa tambayoyin masu bincike, tana warware musu tsofaffin rubuce-rubuce, tana koya wa wasunsu harshen. Sai a 1995, bayan rasuwarta, aka sake fitar da waɗancan tatsuniyoyi a littafi guda da sunanta a kan gaba.

A 1935 ta koma Kaʻū tare da mahaifiyarta da masanin al'adu E. S. Craighill Handy, suka zaga suna tattaunawa da dattawan dangi. Kasancewar mahaifiyar a tafiyar ya buɗe ƙofofin da baƙo ba zai taɓa buɗewa ba. Daga wannan aiki aka samu littafin The Polynesian Family System in Kaʻu, wanda ya fito a 1958 da sunayensu biyu.

Littafin ya bayyana ʻohana, wato dangi, ya kuma danganta kalmar da ʻohā, 'ya'yan da ke tsirowa a jikin uwar gwaza, abincin da mutanen Hawaii suka fi girmamawa. Ya nuna yadda gidajen da ke kan tudu suke aika gwaza da dankali ga 'yan uwansu na bakin teku, su kuma su aiko da kifi da gishiri, ba da ciniki ba. Marubutan sun taƙaita bayaninsu ga gunduma guda, domin al'adar Kaʻū ba lallai ta zama ta sauran tsibirai ba.

Daga 1938 zuwa 1961 Kawena ta yi aiki a matsayin mai fassara da taimaka wa bincike a Gidan Tarihi na Bishop da ke Honolulu, wanda aka kafa a 1889 don tunawa da Gimbiya Bernice Pauahi Bishop ta gidan sarautar Kamehameha. A can ta zauna kan tsofaffin jaridu da rubuce-rubucen hannu. Da fassararta aka buga abubuwan da John Papa ʻĪʻī ya rubuta kan fadar sarakunan farko, a 1959, da wasu daga cikin rubuce-rubucen masanin tarihi Samuel Kamakau, a 1964 da 1976. Waɗannan marubuta ne na ƙarni na 19 da jikokinsu suka kasa karanta su, saboda harshen ya kuɓuce musu.

A shekarun 1950 da 1960 ta riƙa zagaya tsibiran tare da abokiyar aikinta Eleanor Williamson, ɗauke da na'urar naɗar magana, suna zama da tsofaffi a ƙauyuka. Muryoyin da suka naɗa suna ajiye a gidan tarihin, kuma ɗalibai suna sauraron su don jin yadda masu harshen na asali suke furta shi.

Ƙamus

Kafin nata akwai ƙamus na ɗan mishan Lorrin Andrews, wanda ya fito a 1865, aka sake masa kwaskwarima a 1922. Aiki ne mai daraja, amma an yi shi ne a lokacin da harshen ke ko'ina, kuma yana da wani babban giɓi da ya shafi rubutu.

Haruffa 12 na 'yan mishan ba su nuna abubuwa biyu da ke bambanta ma'ana ba. Na farko shi ne ɗan tsaikon da ake yi a maƙogwaro, irin hamzar da ke cikin kalmar sa'a, wanda suke kira ʻokina. Na biyu shi ne tsawon wasali, wanda ake nunawa da 'yar sanda a kan harafi, suna ce mata kahakō. Mai karanta Hausa ya san irin wannan matsala, domin rubutunmu na yau da kullum ba ya raba garin da ake zama a cikinsa da garin da ake tuƙa tuwo da shi, sai dai jimla ta raba.

A harshen Hawaii, pau na nufin abu ya ƙare, paʻu baƙin hayaƙi ne da ke manne wa abu, paʻū na nufin danshi, pāʻū kuma zanen mata ne. A tsohon rubutu dukkansu pau ne. Haka nan kou na nufin naka, koʻu kuma nawa. Wanda ya sha harshen a nono ba ya ruɗewa. Amma wanda zai koya daga takarda, kamar yawancin matasan Hawaii na tsakiyar ƙarni na 20, ba shi da yadda zai san abin da zai furta.

Abokin aikinta a wannan fage shi ne Samuel H. Elbert, Ba'amurke ɗan jihar Iowa da ya zo Hawaii a 1936, ya koyi harshen a wajenta, daga baya ya zama malamin harsuna a Jami'ar Hawaii. Shi ya zo da ilimin kimiyyar harshe da tsarin jera bayanai. Ita ta zo da kunne, da tarin takardunta na shekaru 40, da sanin inda aka yi amfani da kalma da wanda ya faɗe ta. Ƙamus ɗinsu na Hawaii zuwa Ingilishi ya fito a 1957, na Ingilishi zuwa Hawaii a 1964, aka haɗe su wuri guda a 1971. A bangon, sunan Pukui ne na farko.

Ƙamus ɗin ya sanya alamomin biyu a kan kalmomi, kuma daga gare shi rubutun zamani na harshen ya samo tushe. Bai tsaya ga fassarar kalma da kalma ba. Yana kawo ma'ana ta zahiri da ta ɓoye, yana ba da misali daga waƙa ko tatsuniya ko fassarar Baibul, yana faɗin sunan kimiyya na tsiro ko kifi. Mawaƙan Hawaii suna da salon da suke kira kaona, inda ake ambaton fure ko ruwan sama alhali mutum ake nufi, kuma ba don irin wannan bayani ba da mai karatu na yau ya tsaya a fatar magana.

A cikinsa ne mutum zai ga cewa ruwan sama ma yana da sunaye gwargwadon wurin da yake sauka: na garin Hilo ana ce masa Kanilehua, na Honolulu kuma Kūkalahale. Bugun ƙarshe da aka faɗaɗa, na 1986, yana ɗauke da kalmomi kimanin 29,000 a ɓangaren Hawaii zuwa Ingilishi, abin da ya sa ya zama mafi girma a cikin ƙamusoshin harsunan Polinesiya a lokacin.

Sunayen wurare, karin magana da sulhu

Ƙamus ɗin ya haifi wasu littattafan. A 1966 ita da Elbert suka fitar da na sunayen wurare, Place Names of Hawaii, aka faɗaɗa shi a 1974 tare da Esther Mookini har ya kai sunaye kimanin 4,000. A nan mai karatu zai san cewa Honolulu na nufin mashigin ruwa mai kariya, Waikīkī ruwa mai tsartuwa, Mauna Kea kuma farin dutse. Zai kuma san cewa tashar jiragen ruwan da duniya ta sani da Pearl Harbor tana da sunanta na asali, Puʻuloa. Littafin nahawun harshen, wanda su biyun suka rubuta, ya biyo baya a 1979.

Wani aikin nata ya fito ne daga buƙatar ma'aikatan jin daɗin jama'a. Cibiyar kula da yara mai ɗauke da sunan Sarauniya Liliʻuokalani ta lura cewa ma'aikatanta ba su fahimtar abin da iyalai 'yan asalin ƙasar suke nufi idan suka yi maganar mafarki, ko baki, ko sunan da aka ce yana sa yaro ciwo. Kawena ta zauna da su shekaru ana kawo mata matsaloli tana warwarewa. Daga nan aka samu Nānā i ke Kumu, wanda ma'anar sunansa ita ce a dubi tushe. Ta rubuta shi tare da likitan ƙwaƙwalwa E. W. Haertig da Catherine Lee, juzu'i na farko a 1972, na biyu a 1979.

A cikinsa ta bayyana hoʻoponopono, hanyar sulhu ta cikin gida. Dangi suna taruwa ƙarƙashin dattijo, a buɗe da addu'a, a fito da matsalar fili, a bi ta sala-sala har a kai ga tushenta. Mai laifi ya amsa, a biya abin da ya kamata a biya, a yafe wa juna, a rufe da cin abinci tare, kuma ba a sake tayar da zancen. Al'adar ta kusa ɓacewa a lokacin, amma bayan fitar littafin ma'aikatan jin daɗin jama'a da masu sasanta rikici suka koma amfani da ita.

Takardun da ta fara tarawa tana budurwa kuwa sai a 1983 suka zama littafi. ʻŌlelo Noʻeau yana ɗauke da karin magana da zantukan hikima 2,942, kowanne da fassararsa da bayanin lokacin da ake faɗinsa, wani lokaci har da labarin da ya haife shi. Shekara 73 ke nan tsakanin takarda ta farko da bugun littafin. Jimillar ayyukan ilimi da ta wallafa ta haura 50, ciki har da littattafan tatsuniyoyi na yara da ta yi tare da Caroline Curtis.

Suka da waƙa

Aikin bai rasa masu adawa ba a cikin mutanenta. A tsohuwar al'ada akwai ilimin da na gida ne, ana ba da shi ga wanda aka zaɓa kaɗai, kuma wasu sun ga cewa buga shi a littafi, da Ingilishi, tamkar tallar asirin gida ne ga waɗanda suka ƙwace ƙasar. Damuwar tasu tana da tushe, ganin yadda kasuwar yawon buɗe ido ta mayar da hula abin kallo a otal-otal.

Kawena ta auna wannan da wani haɗarin da take gani da idonta: dattawa suna mutuwa ba su samu wanda za su bai wa ba. Ta zaɓi ta rubuta, tana mai la'akari da jikokin da ba a haifa ba tukuna, waɗanda wata rana za su zo neman abin da iyayensu ba su gada ba.

Ba a teburin rubutu kaɗai ta tsaya ba. Ta tsara waƙoƙi sama da 150, wasu tare da Maddy Lam, wasu tare da Kahauanu Lake, kuma har yau ana rera su ana rawar hula da su. Mawaƙa matasa irin su Eddie Kamae sun riƙa zuwa gidanta don ta gyara musu furuci, ta kuma fayyace musu ma'anar tsofaffin baitoci. Jami'ar Hawaii ta ba ta digirin girmamawa na dakta, ita da ba ta taɓa zama ɗalibar jami'a ba.

Abin da ya biyo baya

Jaridar ƙarshe ta tsohon zamani a harshen Hawaii, Ka Hoku o Hawaii, ta daina fita a 1948. Hawaii ta zama jiha ta 50 ta Amurka a 1959. Zuwa farkon shekarun 1980, in aka cire ƙaramin tsibirin Niʻihau inda harshen bai taɓa yankewa ba, yaran da ke iya magana da shi ba su kai 50 ba.

Amma a daidai wannan lokaci matasa sun fara waiwaye. Larry Kimura ya buɗe wani shirin rediyo a 1972 yana hira da tsofaffi a harshen. A 1976 kwalekwalen Hōkūleʻa ya yi tafiya daga Hawaii zuwa Tahiti ba tare da na'urorin zamani ba, da taurari da igiyar ruwa kawai, abin da ya farfaɗo da alfaharin jama'a. A 1978 tsarin mulkin jihar ya amince da harshen Hawaii a matsayin harshen hukuma tare da Ingilishi.

A 1983 wasu malamai suka kafa ƙungiyar ʻAha Pūnana Leo, suna koyi da makarantun renon yara na Mawori, kuma a 1984 suka buɗe makarantar farko a tsibirin Kauaʻi, inda ba a yi wa yara magana sai da harshen Hawaii. Da yawa daga cikin iyaye da malaman waɗannan yara a jami'a suka koyi harshen, da littattafan Pukui da Elbert a hannunsu.

Kawena ta rasu a Honolulu ranar 21 ga watan Mayun 1986. A wannan shekara majalisar jihar ta ba da damar koyarwa da harshen Hawaii a makarantun gwamnati, kuma azuzuwan farko suka buɗe a 1987.

Ƙamus ɗinta bai wadatar da sabon zamani shi kaɗai ba. Yaran da za su koyi lissafi da kimiyya da kwamfuta suna buƙatar kalmomin da babu su a bakin tsofaffin Kaʻū, don haka aka kafa kwamitin ƙirƙiro sababbin kalmomi, wanda ya fitar da nasa ƙamus mai suna Māmaka Kaiao. Haɗarin ma bai gushe ba: hukumar UNESCO tana lissafa harshen cikin waɗanda ke bakin gaɓar ɓacewa, ko da yake wani rahoton gwamnatin jihar na 2016 ya nuna cewa sama da mutum 18,000 suna magana da shi a gida. A yau ana iya yin karatu da shi tun daga makarantar reno har zuwa digirin dakta a Jami'ar Hawaii da ke Hilo.

A 1995 an sanya sunanta cikin jerin gwarazan kiɗa da waƙar Hawaii. A 2025 kuma hukumar buga kuɗi ta Amurka ta fitar da tsabar dala ɗaya mai ɗauke da hotonta, da fure a gashinta, tare da sunan littafinta Nānā i ke Kumu. Ƙamus ɗin nata yana kan intanet kyauta, tare da na sunayen wurare, kuma 'yan asalin Hawaii da ke zaune a California da Nevada da sauran jihohi, waɗanda yawansu yanzu ya zarce na mazauna tsibiran, suna duba shi a wayoyinsu idan za su raɗa wa jariri suna ko su gane wata kalma da suka taɓa ji a bakin kaka.